Yadda Ake Auna Digirin Kamshaf a Saita Shi Lokacin Haɗa Inji

Duk wanda ya sayi kamshaf (kam a taƙaice, sandar da ke buɗe bawulolin inji) mai ƙara wa inji ƙarfi, ya ɗaura shi ɗigo ya kalli ɗigo, sannan ya rufe murfin taimin, to ya bar muhimmin aikin a baya. Ɗigon nan biyu da ke jikin giyar karanshaf da giyar kam abu ɗaya suke tabbatar maka: ba ka tsallake haƙori ba. Amma ko bawul yana buɗewa a daidai digirin da masu ƙera kam ɗin suka nufa, wannan sai an auna.

Kuskuren taruwa yake yi kaɗan-kaɗan. Gurbin ki da ke bakin karanshaf zai iya gocewa da digiri ɗaya, fil ɗin da ke hancin kam ya goce da wani, ramin giya ya ƙara nasa, sarƙa ta kawo ɗan sako-sako. Idan an taɓa gyara mazaunin beyarin na bulok, tazarar da ke tsakanin karanshaf da kam takan ragu, sarƙar ta ƙara saki. A injin da kam ɗinsa ke saman kai kuwa, aske kan silinda ko saman bulok yana ja da taimin baya. Wani lokaci kurakuran su cinye juna, wani lokaci su haɗa kai su ba ka digiri 4 ba ka sani ba. Injin da aka bari yadda ya fito daga kamfani yana haƙuri da wannan. Wanda aka sa wa kam mai buɗe bawul da nisa, mai kuma daɗewa a buɗe, ba ya haƙuri: ko ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi, ko bawul ya gaisa da fistin.

Fara da karanta katin kam

Kowane kam na kirki yana zuwa da kati. Kada ka taɓa sufana sai ka fahimce shi. A inji mai bugu huɗu, karanshaf yana zagayawa sau biyu, wato digiri 720, kafin kam ya zagaya sau ɗaya. Lokutan buɗewa da rufewa da ke katin duka da digirin karanshaf aka rubuta su.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshe. A ce katin ya ba da tsawon buɗewar bawul ɗin shiga digiri 224, na fita 230, duka an auna su a lokacin da lifta, ƙarfen da ke zaune a kan kam yana bin hawansa da saukarsa, ta ɗaga 0.050 na inci, wato milimita 1.27. Tozo shi ne tudun jikin kam da ke ɗaga lifta, kuma tazarar tozon shiga da na fita digiri 110 ce. Tsakiyar tozon shiga, inda ake son bawul ya kai ƙarshen buɗewarsa, digiri 106 bayan fistin ya bar ƙoli, wato ƙarshen hawansa a silinda. Tunda 106 bai kai 110 ba, ka san an riga an niƙa kam ɗin da digiri 4 na gaba. Daga nan bawul ɗin shiga zai buɗe a digiri 6 kafin ƙoli, ya rufe a 38 bayan ƙasa, wato ƙarshen saukar fistin: 6 da 180 da 38 sun ba da 224. Na fita zai buɗe a 49 kafin ƙasa, ya rufe a 1 bayan ƙoli.

Ka lura da ma'aunin da katinka ya yi amfani da shi. Kamfanonin Amurka sun saba da 0.050 na inci, da yawa daga na Turai da Japan kuma milimita 1 suke ɗauka. Wasu a kan lifta suke aunawa, wasu a kan bawul. Idan ka auna a wurin da ba shi katin yake nufi ba, lambobinka ba za su taɓa haɗuwa da nasa ba, kuma za ka ɗora wa kam laifin da ba nasa ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Faifan digiri, kuma gwargwadon girmansa gwargwadon sauƙin karanta rabin digiri a jikinsa. Waya mai ƙarfi da za ka fiƙe bakinta ta zama manuni. Abin tare fistin. Agogon awo mai tafiyar inci ɗaya da ke nuna 0.001, da mazauninsa na maganaɗisu. Lifta daskararriya irin wadda ta dace da kam ɗin: mai taya ga kam mai taya, mai shafaffen ƙasa ga mai shafaffen ƙasa. Sai sifirin masu laushi guda biyu na gwaji, da soket ɗin da ke kama bakin karanshaf ta gurbin ki. Wannan soket ɗin yana da amfani ƙwarai, domin idan da notin gaba kake juya inji, ranar da ka juya baya notin zai kwance, faifan ya motsa, duk awon ya lalace.

Nemo ƙoli na gaskiya

A nan ne aikin yake tsayuwa ko ya faɗi. Kowace lamba da za ka karanta daga baya a kan wannan sifili take zaune. Idan ya karkace da digiri 2, komai ya karkace da 2, kuma babu abin da zai nuna maka.

Ka ɗaura kam da giyoyi da sarƙa ɗigo da ɗigo, ka shafa wa beyarin mai, ka ɗaure kusoshin giyar kam. Kawo fistin na silinda ta 1 sama da ido, ka ɗaura faifan a bakin karanshaf, ka kafa wayar a jikin bulok da kusa, bakinta dab da gefen faifan yana nuna alamar TDC, wato ƙoli. Wannan kusan-kusan ne kawai.

Mutane da yawa sukan ɗora agogon awo a kan fistin su ce inda allura ta tsaya nan ne ƙoli. Ban yarda da wannan hanyar ba. Fistin idan ya kai sama yakan ɗan dakata, kamar lilo idan ya kai ƙarshen tashinsa, karanshaf na tafiya digiri da dama allura ba ta motsa ba. A cikin wannan dakatawar ba za ka iya cewa ga tsakiya ba. Abin tare fistin shi ke raba gardama.

Juya karanshaf fistin ya sauka kaɗan. Idan kan silinda bai hau ba tukuna, ka gitta ƙarfe mai kauri a bakin silindar, ka ɗaure shi da kusoshin kai guda biyu, da kusa a tsakiyarsa mai leƙawa ciki. Idan kai ya riga ya hau, sai ka yi amfani da irin wanda ake murɗawa a ramin fulogi, amma ka fara cire roka ko sandunan turi, masu kai turin lifta ga bawul, na wannan silindar, don kada bawul ya buɗe ya daki abin tarewar ya lanƙwashe. Cire sauran fulogai, cire kan batir idan injin yana cikin mota. Da hannu kawai ake wannan juyin.

Juya a hankali ta hanyar da injin yake juyawa har fistin ya zo ya jingina da kusar. Kada ka danna. Karanta faifan: a ce 30 kafin ƙoli. Yanzu juya baya, kusan zagaye guda, har fistin ya sake jingina ta ɗaya ɓangaren: a ce 24 bayan ƙoli. Haɗa su, 54, raba biyu, 27. Ba tare da ka motsa karanshaf ba, lanƙwasa wayar, ko ka sassauta faifan ka juya shi, har manunin ya nuna 27. Sai ka sake zagayowa ta ɗaya gefen. Idan can ma 27 ne, ka samu. Idan 27 da 28 ne, ba ka gama ba, sake. Bayan nan cire abin tarewar, kuma daga yanzu kada hannun rigarka ma ya taɓa wayar nan. Idan ka ji ka goge ta, koma ka sake neman ƙolin, ya fi maka sauƙi a kan yin shakka har ƙarshen aiki.

Kafa agogo a kan lifta

Sa daskararriyar liftar a ramin tozon shiga na silinda ta 1. Ka tabbata na shiga ne. A ƙaramin V8 na Chevrolet, misali, bawul na farko daga gaba na fita ne, na biyu ne na shiga. Bi ƙofar iska da ido ka gani. Lifta mai aiki da mai ba ta yi a nan, domin cikinta yana nutsewa idan an danna, ta cinye maka awo. Liftar ta kasance tana hawa da sauka ba tare da maƙalewa ba, da ɗan mai mara kauri a jikinta. Idan ka cika ta da man haɗa inji mai danƙo, za ta hau ta ƙi saukowa da nauyinta, allura ta yi maka ƙarya a ɓangaren rufewa.

Sandar agogon ta tsaya a layi ɗaya da tafiyar liftar, ba a karkace ba. Ga yadda za ka gane: juya inji har liftar ta zauna a gadon bayan kam inda babu tozo, sa agogo a sifili, ka zagaya sau biyu. Allura ta dawo sifili daidai, kuma mafi girman ɗagawar ta yi daidai da ta katin. Idan katin ya ce tozo yana ɗaga 0.318, wanda da roka mai ninki 1.5 zai ba bawul 0.477, kai kuma ka ga 0.310, to kafin ka zargi kam duba tsayuwar agogonka.

Akwai doka ɗaya da za ta bi ka har ƙarshe: kowane karatu ana ɗaukarsa ne ana juya injin gaba. Sarƙa tana da sako-sako, da zarar ka juya baya karanshaf zai yi tafiya kafin kam ya biyo. Idan ka wuce inda kake nema, koma baya sosai, kamar digiri 60 ko fiye, ka sake tahowa.

Awon tsakiyar tozo

Juya gaba har allura ta kai ƙarshen hawanta, ka mayar da agogon sifili a nan. Kan tozo ma yana da irin dakatawar fistin, shi ya sa ba a karanta faifan a wurin. Gefe da gefe ake kamawa. Koma baya har allura ta sauka kamar 0.100 ko fiye, sannan ka taho gaba a hankali ka tsaya lokacin da saura 0.050 a kai ƙarshe. Rubuta abin da faifan ya nuna, a ce 62 bayan ƙoli. Ci gaba da juyawa, allura ta kai sifili ta fara sauka, ka tsaya a 0.050 ta ɗaya gefen. A ce 154. Haɗa, 216, raba biyu, 108.

Ka kula da rubutun faifanka. Wasu suna ƙirga daga 0 zuwa 180, wasu daga 0 zuwa 90 su sake saukowa. A irin na biyun, abin da zai bayyana maka shi ne 26 kafin ƙasa, sai ka cire shi daga 180 ka samu 154. Nan ne mafi yawan lissafi yake rikicewa.

Katin ya ce 106, ka samu 108. Lamba ta fi girma, ma'ana kam ya makara da digiri 2. Da ka samu 104, da ya yi gaba da 2. Maimaita awon ko sau biyu ne kafin ka yarda da shi.

Tabbatarwa da awon 0.050

Ni ba na tsayawa a awo ɗaya, domin yawancin kam na zamani tozonsu ba daidai-wa-daida yake ba: yana buɗewa da sauri, ya rufe a hankali don kada bawul ya yi tsalle a mazauninsa. A irin wannan, tsakiyar kan tozo da tsakiyar buɗewa da rufewa za su iya bambanta da digiri ɗaya ko biyu. Idan katin ya faɗi hanyar da za a bi, ita za ka bi.

Mayar da lifta gadon bayan kam, sa sifili. Juya gaba har ta ɗaga 0.050, karanta: 4 kafin ƙoli, maimakon 6. Wuce kan tozo, ka tsaya lokacin da ta sauko saura 0.050: 40 bayan ƙasa, maimakon 38. Jimla 4 da 180 da 40, 224, daidai da katin. Rabin 224 shi ne 112, cire 4, saura 108. Hanyoyi biyu sun faɗi magana ɗaya.

Wannan awon yana tona abubuwa da yawa. Idan tsawon buɗewar ya yi daidai amma buɗewa da rufewa duka sun matsa gefe ɗaya, matsalar ɗauri ce, kuma gyaruwa take. Idan tsawon kansa ya bambanta da digiri da yawa, ko liftar ba irin ta kam ɗin ba ce, ko agogo ya karkace, ko kam ɗin da ke cikin kwalin ba shi ne na katin ba. Idan kuma ka ga kuskuren ya kai 16 ko 20, haƙori ka tsallake: giyar karanshaf mai haƙora 22, kowane haƙori ya haura digiri 16 kaɗan, mai 18 kuma 20 cif. Kam mai gajeren tsawon buɗewa wani lokaci sai bayan ƙoli yake kai 0.050, a nan cirewa ake yi daga 180, ba haɗawa ba.

Ka mayar da liftar da agogon kan tozon fita ka yi irin wannan. Da kam ɗaya ne mai ɗauke da tozaye duka, idan na shiga ya makara da 2, na fita ma haka: tsakiyarsa za ta fito 112 kafin ƙoli maimakon 114. Haɗa 108 da 112 ka raba biyu, 110 ɗin katin ta fito.

Gyara

Tunda haƙori ɗaya ya yi yawa, ana gyarawa ne da giyar karanshaf mai gurabun ki da yawa, ko ki mai gociya, ko ɗan zobe mai gociya da ake sa wa fil ɗin giyar kam, ko giyar kam mai kusoshin sassautawa. Mai gurabu uku galibi digiri 4 gaba, sifili, da 4 baya take bayarwa. Mai tara kuma takan tafi da bibbiyu. Kowane gurbi yana da tasa alamar a bakin haƙori, kuma da ita za ka daidaita, ba da ɗigon asali ba. Kada ka yarda da lambar da aka buga a jikin ƙarfe ido rufe, domin wasu da digirin kam suke rubutawa, kuma digiri ɗaya na kam biyu ne na karanshaf. Bayan kowane canji a sake awo. Idan sai da ka cire faifan kafin ka zare giyar, to ƙoli ma sai an sake nemo shi daga farko.

A misalinmu, mai gurabu uku za ta ɗauke ka daga 108 zuwa 104, ta wuce da 2. Abin da ya fi shi ne ka nemo abin da zai ba ka 106 ɗin. Idan dole sai an zaɓa tsakanin biyun a injin hawa na yau da kullum, na fi karkata ga 104, domin sarƙa tana miƙewa da aiki, miƙewarta kuma baya take ja da kam. Amma sai in tazarar bawul da matsin silinda sun ba da dama.

Matsar da kam gaba yana sa bawul ɗin shiga ya rufe da wuri, matsi ya ƙaru a ƙaramin gudu, mota ta fi jan ƙarfi daga tashi, sama kuma ta ɗan rage. Idan matsin injin dama yana da yawa, wannan na iya jawo ƙwanƙwasa. Ja da shi baya yana mayar da ƙarfin can saman gudu, ƙasa ta yi sanyi. Shawarata ga haɗin farko ita ce a bi katin. Idan ka ga kana bukatar fiye da digiri 4 daga abin da katin ya ce kafin injin ya yi abin da kake so, kam ɗin ne bai dace da aikin ba. A injin mai kam biyu a saman kai, kowanne daban ake auna shi a saita shi, agogo a gefen kofin bawul a layi ɗaya da sandarsa, kuma motsa ɗaya kaɗai yana canja tazarar tozaye da tsawon lokacin da bawuloli biyu suke buɗe tare.

Tazarar bawul da fistin

Wannan bayan an gama saita kam ake yin sa, domin kowane digiri yana canja shi. Kam ya yi gaba, bawul ɗin shiga ya matso fistin. Ya yi baya, na fita ya matso. Haɗarin ba a lokacin da bawul ya buɗe gaba ɗaya yake ba, lokacin fistin yana can ƙasa. Yana kusa da ƙoli ne, a ƙarshen bugun fitar hayaƙi: na fita ya fi kusa wajen digiri 10 kafin ƙoli, fistin na biye da shi yana rufewa, na shiga kuma wajen 10 bayan ƙoli, yana bin fistin yana buɗewa.

Sa sifirin masu laushi a bawuloli biyu na silinda ta 1, ɗora kai da gasket mai kaurin wanda za ka yi aiki da shi bayan ya matsu, sa daskararrun lifta da sandunan turi da roka, ka saita gibin bawul: sifili ga kam na lifta mai mai, abin da katin ya ce ga na daskararriya. Agogo a kan hular sifirin. Daga digiri 20 kafin ƙoli zuwa 20 bayansa, kana tsayawa kowane digiri 5, ka sa sifili, ka danna bawul da yatsa har ka ji ya taɓa fistin, ka rubuta. A inda lambar ta fi ƙanƙanta, ka bi digiri bibbiyu. Abin da aka saba nema shi ne aƙalla 0.080 na inci ga na shiga, 0.100 ga na fita, kusan milimita 2 da 2.5. Na fita ya fi bukatar fili saboda zafi yana ƙara masa tsawo, kuma idan sifirin ya gaza a babban gudu shi fistin yake cim wa. Mai konrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) na alminiyam ya ƙara kamar 0.030 a kai.

Agogo zurfi kawai yake nunawa. Don ganin gefe, shimfiɗa yumɓu mai laushi a gurbin bawul na kan fistin, shafa wa fuskar bawul mai don kada ya manne, ɗora kai, zagaya sau biyu da hannu, ka cire ka yanka yumɓun da reza. Za ka ga sawun bawul a ciki, ka ga ko bakinsa yana gogar bangon gurbin, abin da yakan faru idan an sa bawul mai faɗi. Idan kana juyawa ka ji ya cije, tsaya nan take. Tun da kana wurin, duba sifirin na gaskiya: a cikakkiyar buɗewa ya rage masa kamar 0.060 kafin zobbansa su haɗe, kuma ƙasan hular kada ta kusanci sil ɗin bawul.

Rufewa

Ɗaure kusoshin giyar kam da ma'aunin ƙarfin da aka rubuta, da maganin hana kwancewa ko farantin kulle. Kam mai taya yana bukatar a duba wasansa na gaba da baya, galibi tsakanin 0.005 da 0.010. Sai awo na ƙarshe, ƙoli da tsakiyar tozo, bayan komai ya ɗauru, ka rubuta lambobin a bayan katin tare da gurbin da ka yi amfani da shi.

Kafin ka cire faifan, tsayar da injin a sifili daidai. Cire faifan ba tare da karanshaf ya motsa ba, sa murfin taimin da fulin gaba, ka duba ko alamar fulin ta faɗa kan sifilin manunin murfi. Idan ba ta faɗa ba, gyara manunin ko ka buga sabuwar alama yanzu, domin da ita za ka saita wuta. A injin da kam ke juya distiributa, duk digirin da ka matsar da kam wuta ma ta matsa da shi, sai an sake saita ta da fitilar taimin. Idan kam ɗin na lifta mai shafaffen ƙasa ne, sa sababbin lifta, shafa man haɗi a kowane tozo, zuba baƙin mai mai sinadarin zinc, kuma da injin ya tashi kada ka bar shi a silo: riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 a minti, kana ɗan hawa da sauka, na minti 20 zuwa 30, sannan ka juye man ka canja filta.